An Rufe wa Goggo Fuska

Shekara goma sha tara Goggo ta yi tana share sashen koyar da shari'a na jami'ar, amma idan ka tara duk waɗanda suka taɓa kallon fuskarta a ginin nan, ba za su cika benci ɗaya ba. Ba don muni ba ne. Mai shara ce kawai, mai shara kuwa daga ƙasa ake ganinta. Ɗalibi yana zaune, kai a sunkuye kan waya, sai ya ji an ce, "Ɗaga ƙafa, ɗan albarka." Ya ɗaga. Abin da zai gani mofar goge ƙasa ce da hannun da ke riƙe da ita, ta wuce, ya sauke ƙafarsa. Gaisuwarsu ke nan shekara biyar cur, har ya gama ya sa baƙar riga ya tafi kare haƙƙin jama'a.

Hannuwan kuwa ba sa ɓacewa kowa. Ruwan wanke bayi ya ci bayansu ya bar fari-fari kamar an yayyafa madara. Yatsu biyu na hagu sun sandare tun ranar da ƙofar babban zauren lacca ta datse su, ba sa lanƙwasuwa. A wuyan hannun akwai koriyar igiya da ta ɗaure makullai bakwai, suna kacau-kacau duk inda ta yi.

Ubanta mai wanki da guga ne, a cikin kumfa ta tashi. Ta auri tela, mutum mai haƙuri da son gardama da rediyo. Da idonsa ya fara gazawa, ya kai ga ɗinka aljihu a bayan riga, sai ya rufe keke ya dawo ƙofar ɗaki yana gyara wa masu karanta labarai magana. Ga jikoki biyu da babbar 'yarsu ta rasu ta bar musu. Baki huɗu ke nan, duk a kan mofa ɗaya. Ranar da mofar ta faɗi, tukunyar gidan ta faɗi, kuma Goggo ta san haka fiye da yadda ta san sunanta.

Kada ka ɗauka ma'aikaciyar jami'a ce. Ina! Jami'a ta fi ƙarfin ɗaukar mai shara, kamfani take ba kwangila. Sau uku kamfanin yana canjawa a idon Goggo, rigar aiki ta tashi daga shuɗiya zuwa ruwan toka zuwa ruwan ƙasa, amma shugaban masu shara yana nan daram. Mai Usur suke ce masa. Ɗan guntu ne mai tumbi, da usur rataye a wuya, ko mutum biyu zai kira sai ya busa. Kowane farkon wata yakan jera matan a bayan gini, kusa da tankin ruwa, wai duba tsabtar riga. Riga ce ta dame shi? Ciki yake dubawa. Wadda ya ga rigarta ta fara ɗagewa ta gaba, sai ya langaɓe kai ya ce, "Ayya, je ki huta." Hutun Mai Usur ba a dawowa daga shi.

Saboda haka matan suka koyi ɗaure ciki. Tsohon zani ake yagawa gida biyu, a naɗe tam tun daga ƙirji, a ɗora riga. Goggo ma ta yi, a shekararta ta uku da fara aiki. Wata bakwai tana numfashi rabi-rabi. Ran nan tana hawa bene da bokiti biyu, a matakala ta hawa na uku, abin ya zo mata. Namiji ne, bai zo da rai ba. Kwana huɗu ta yi ta koma bakin aiki, ta ce zazzaɓi ne ya kwantar da ita. Mai Usur ya ce ta riƙa kula da sauro.

To, ana nan sai Dakta ta samo tallafi daga wata ƙungiya, za a shirya bidiyo na koyar da ɗalibai haƙƙin mata a doka. Dakta ɗin nan malama ce a sashen, mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a ka, kuma duk lokacin da ka gan ta, ko dai daga taro take ko taro za ta. Ba ta da mugunta, a gaskiya. Mata take so ƙwarai, musamman idan an rubuta su a takarda an sa musu lamba.

Bidiyon farko ɗalibai aka sa suka yi wasan kwaikwayo. Wani siririn yaro aka zana wa gashin baki da alƙalami, wai shi ne azzalumin miji, ya ɗaga hannu zai yi mari ya tuntsire da dariya. Da aka haska a aji, dariya aka yi ta yi har malamin da ke maƙwabtaka ya leƙo. Kwamiti ya zauna, aka sha lemo, aka yanke cewa abin da ya rage shi ne murya ta gaskiya, daga bakin wadda abin ya shafa. Aka fara shawarar hayar mota a shiga ƙauyuka neman matan da aka zalunta, don a tunaninsu irin waɗannan matan sai an yi tafiyar awa uku ake samunsu.

Wata safiya Goggo tana goge teburin Dakta, ita kuma tana karanta rubutun bidiyo na gaba da ƙarfi don ta ji daɗin muryarta. Ta zo inda aka ce doka ta hana a kori mace daga aiki don ta yi ciki. Goggo ba ta san lokacin da dariya ta suɓuce mata ta hanci ba.

Dakta ta sauke tabarau. "Goggo, me ya ba ki dariya?"

"Babu komai, ranki ya daɗe. Na ji dokar ce, na ce ashe ba ta taɓa zagayawa bayan ginin nan ba."

Dakta ta ja kujera ta ce ta zauna. Karon farko ke nan da Goggo ta zauna a kujerar da ta shekara tana gogewa. Ta ɗan gutsura mata labarin zani da matakala. Idon Dakta ya kawo haske, ba na hawaye ba, irin na wadda ta tsinci ɗan kunnenta a ƙarƙashin gado.

"Goggo, wannan labarin dole duniya ta ji shi."

"Duniya ta yi haƙuri, ranki ya daɗe. A bakin aikina ne."

"Haba Goggo! Mu fa masana doka ne. Za a rufe fuskarki, a canja muryarki, a canja sunanki. Ko mijinki ba zai gane ki ba."

"Shi ai ko ba a rufe ba," in ji Goggo.

Kwana uku Dakta tana binta, har ɗakin ajiye bokitai ta leƙa, ta toshe hanci da gyale. Ta ce a cikin yaran nan akwai alƙalan gobe, idan suka ji da kunnensu ba za su manta ba. Wannan bai kama Goggo sosai ba, ta san alƙalan goben, ita ke kwashe ɓawon gyaɗarsu a ƙarƙashin benci. Abin da ya karya mata zuciya daban ne. Shekara goma sha shida babu wanda ya taɓa tambayarta yaron nan, ko a gida ba a tayar da zancen. Tana so ta faɗa sau ɗaya, da bakinta, cewa an yi shi. Sai ta yarda.

Aka ɗauka ranar Asabar da hantsi, a wani ƙaramin ofis. Mai ɗaukar hoton wani ne da ya raɗa wa kansa Darakta, da hula a juye da falmaran mai aljihu goma sha biyu, babu komai a cikinsu sai cingam. Ya taɓa halartar bita ta mako biyu, tun daga nan bai sake magana kamar mutane ba. Tsakani da Allah sun yi taka-tsantsan. Suka cire kalanda daga bango, suka canja labule, suka sa ta lulluɓe rigar aiki da mayafi. Daga baya ma kwamiti sau biyu ya zauna a kan kaurin hazon da za a shafa wa fuskar.

Sai Darakta ya leƙa kyamara ya yi tsaki. "Dakta, in babu fuska babu motsin rai. A ƙa'idar aiki, idan ka rufe fuska, hannu kake ɗauka. Hannu yana magana."

"Kai, ka kawo shawara!" in ji Dakta.

"Goggo, ɗora hannuwan a cinya. Yawwa. Ɗan murza su. Kar ki cire makullan, suna ba da ma'ana."

Goggo ta ɗora. Hankalinta ba ya kan hannu, yana kan matakala ta hawa na uku. Ta yi magana kusan rabin awa, ta faɗi jerin bayan gini, ta faɗi zani, ta faɗi yadda ta wanke matakalar da kanta kafin ta tafi asibiti don kada a gani. Ba ta ambaci sunan kowa ba. Da ta gama sai ta ji ƙirjinta wasai, kamar ta sauke tulu. Darakta ya ce a maimaita wurin matakalar, mota ta wuce ta ɓata sauti.

Ranar haskawa babban zaure ya cika, ɗalibai ɗari uku, da shugaban sashe da baƙi daga ƙungiyar a sahun gaba. Dakta ta raɗa wa Goggo cewa tana iya tsayawa a ƙofar baya ta kalla, kamar mai jiran a tashi ta yi shara. Aka kashe fitilu, majigi ya kama. Rubutu ya fito: Malama Wance. Ga mace zaune, kanta dunƙulen hazo, muryarta an mayar da ita ƙatuwa kamar ta mai sayar da itace da mura. Goggo kanta ba ta gane kanta ba, har ta fara sakin jiki.

Sai kyamara ta gangaro.

Hannuwa biyu suka cika allo, kowanne ya kai faɗin ƙofa. Fari-farin nan, sandararrun yatsu biyu, koriyar igiya, makullai bakwai. Abin da mutum ɗari uku suke kallo kullum safiya a tsakanin ƙafafunsu ke nan. Masanan sun ɓoye abin da babu wanda ya sani, sun baje abin da kowa ya haddace.

Can daga baya wani ya ƙwala, "Kai! Wallahi Goggo ce!"

Wuri ya kaure. Masu tafi na yi, masu fito na yi, wayoyi suka tashi sama ana ɗauka. Wasu 'yan iska a tsakiya suka ɗaga ƙafafu gaba ɗaya suna rera, "Ɗaga ƙafa, ɗan albarka!" A daidai lokacin ƙatuwar muryar da ke allo take cewa namiji ne, bai zo da rai ba. Ko mutum goma ba su ji ba. Dakta ta miƙe tana tafa hannu a yi shiru, sannan ta sunkuya ta gaya wa baƙi cewa wannan ya nuna saƙon ya taɓa masu kallo. Baƙin suka gyaɗa kai suka rubuta.

Goggo ta sulale ta shige ɗakin bokitai ta ja ƙofa. Kunya ce ta fara kama ta, kamar an tuɓe ta a kasuwa. Bayan kunyar sai tsoro, don ta san inda abin zai ƙare.

Kafin azahar ɗin washegari bidiyon ya zaga wayoyi, har masu gadi sun gani. A kwana na biyu da safe usur ya yi ƙara a bayan gini. Mai Usur bai yi faɗa ba, ai ya fi haka wayo. Ya kira ta ofishinsa, wani ɗan akurki mai warin sabulu, ya ma ce ta zauna.

"Tsohuwa, na ga fim ɗinku. Kin iya magana, ba laifi." Ya langaɓe kai. "Amma abin da ya tayar mini da hankali hannun nan ne. Ashe haka ya lalace? Shekara da shekaru ban lura ba sai da aka haska mini shi ƙato. Kamfani ba zai so a ce yana wahalar da mai lalura ba."

"Yallaɓai, da hannun nan na share ginin nan shekara goma bayan ƙofa ta datse shi. Ka taɓa samun ƙura?"

"Shi ne na ce ya isa haka. Kawo makullan da katin shiga. Je ki huta."

Igiyar ta daɗe a hannunta har ƙullin ya ƙi kwancewa, sai da ya ɗauko reza.

Ta isa gida rana tsaka. Maigidan yana ƙofar ɗaki da rediyonsa, ya kasa kunne ya ce, "Wa ke nan?" Bai ji kacau-kacau ba, shi ya sa. Ta zauna a ƙasa ta gaya masa komai, har abin da ta faɗa a bidiyon. Ya kashe rediyo, abin da ba ya yi ko ana cin abinci.

"Ki koma wurinsu," ya ce daga baya. "Masu ilimi ne. Su suka ɓata, su za su gyara. Doka ai a hannunsu take."

Komawar ba ta zo da sauƙi ba. Dakta ta yi tafiya, ta kai bidiyon wani babban taro a nuna yadda ake ba marasa murya murya. Mako uku Goggo tana zuwa bakin ƙofar jami'a tana komawa. A gida an koma cin abinci sau biyu, ƙaramar jikar ta fara tambayar me ya sa Goggo ba ta sa rigarta. Ranar da Dakta ta dawo, wani tsohon mai gadi ya kau da kai ya bar ta ta shige ba kati.

Dakta ta tarbe ta hannu biyu-biyu. "Goggo! Ke ce tauraruwarmu! Kin san mutane har kuka suka yi a taron?"

"An kore ni, ranki ya daɗe."

Dakta ta dafe ƙirji, tabarau na ka ya zamo. "Kora? Yaushe? Wallahi ban sani ba! Innalillahi. Da wane dalili?"

Goggo ta faɗa mata. Dakta ta miƙe ta fara zagaya tebur tana lissafa sassan doka da yatsu. "Goggo, kina da hujja mai ƙarfi. Mai ƙarfin gaske! Wannan ramuwar gayya ce ƙarara. Kin san me za mu yi? Kashi na biyu. Matar da ta yi magana aka kore ta. Bari in kira Darakta, wannan karon har hannun za mu rufe."

Goggo ta dube ta sama da ƙasa. Shekara goma sha tara tana haɗiye magana a ginin nan, yau dai babu makullan da za a ƙwace.

"Ranki ya daɗe, ni ba fim na zo nema ba, na yi ɗaya ya ishe ni har lahira. Ofishin mutumin nan yana bayan ginin nan, taku ɗari biyu, na ƙirga. Ki taso mu je, ki faɗa masa abin nan da kika faɗa wa teburinki yanzu."

Dakta ta koma ta zauna. Murya ta sauka. Ta ce ai matsalar ita ce kamfanin ba ƙarƙashin jami'a yake ba, ɗan kwangila ne, idan ta sa baki za a ce sashe ya shiga hurumin da ba nasa ba. Su aikinsu koyarwa ne da wayar da kai. Amma akwai ofishin ɗalibai masu ba da shawarar doka kyauta, sai dai a rufe yake yanzu saboda jarrabawa, ta dawo bayan hutu. Ta duba agogo, ta ce tana da taro.

Goggo ta fito ba sallama. A baranda ta ci karo da ɗalibai suna ɓarkowa daga babban zaure, an tashi daga jarrabawa, kowa da takardar tambayoyi a hannu ana ta surutu. Wata 'yar gajeriya mai fara'a ta kalli hannunta, ta daka tsalle.

"Goggo! Kwana biyu! Kin san kin fito mana a jarrabawa? Tambaya ta uku!"

"Ni kuma, 'yar nan?"

"Malama Wance mana. Tsaya ki ji." Ta buɗe takardar ta karanta mata tana fassarawa. Bayan Malama Wance ta ba da labarinta, shugabanta ya sallame ta daga aiki, ya fake da cewa hannunta ya lalace. A bayyana haƙƙinta, a ba ta shawara.

Goggo ta matso kusa da takardar. "Sake karanta wurin hannun."

Yarinyar ta sake.

"Yaushe ake rubuta takardar nan?"

"Ai da daɗewa. Malamai kan miƙa tambayoyi tun da wuri. Wannan tun kafin Dakta ta yi tafiya ta bayar."

Goggo ta waiwaya ta dubi ƙofar ofishin da ta fito, inda yanzun nan aka dafe ƙirji aka yi mata rantsuwa. Ba ta ji mamaki ba, takaici ta ji.

"To me kuka rubuta?"

"Korar ba ta halatta ba, dole a mayar da ita bakin aikinta. Kowa haka ya rubuta, Goggo. Ai tambayar kyauta ce, ko wanda bai yi karatu ba ya ci."

"Madalla. Ku ɗari uku duk kun ce a mayar da ni." Ta nuna bayan gini da sandararrun yatsunta. "Ga ofishinsa can. A cikinku wa zai raka ni ya faɗa masa?"

Yarinyar ta kalli ƙawayenta, ƙawayen suka kalli wayoyinsu.

"Goggo, wallahi muna da wata jarrabawar ƙarfe biyu."

Goggo ta matsa jikin bango ta ba su hanya, suka wuce.